Tambaya da Amsa: Kumbon da bai sauka ba, murnar me ake yi masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Yauri, Jihar Kebbi. Ɗalibaina sun ga wani bidiyo a waya, injiniyoyi na tafi suna rungumar juna, wai kumbonsu ya shiga falakin duniyar Mars, wato ya fara zagaya ta. Sai wata yarinya 'yar aji uku ta ce, "Malam, to ai bai sauka ba, murnar me suke yi?" Wani yaro kuma ya tambaya wa ke tuƙa shi tunda ba kowa a ciki, kuma me ya hana shi faɗawa ƙasa. Na ba su amsar da ke cikin littafi, amma ni kaina ba ta ƙosar da ni ba. Don Allah a yi mana bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya gafarta Malam. Ka gaishe mini da yarinyar nan, domin ta taɓo ainihin wurin. Abin da ake yi wa tafi shi ne birki. A duk tafiyar, ba inda kumbo ya fi kusa da salwanta kamar waɗannan 'yan mintoci da zai rage gudu.

Bayan roka ta harba shi ta sake shi, kumbon da ya nufi Mars yakan yi wajen wata bakwai yana tafiya injinsa a kashe, sai ɗan gyaran hanya jefi-jefi. Babu iska a can da za ta tare shi, saboda haka gudun da aka ba shi yana nan tare da shi. Da ya matso, Mars za ta fara jan sa, gudunsa ya ƙaru, hanyarsa ta lanƙwasa. Amma ya zo da gudun da ya fi ƙarfin riƙonta. In ba a yi komai ba, zai zaga ta bayanta ya fice, ya ci gaba da kewaya rana, dukiyar da aka zuba ta bi iska.

Kai da ke bakin Neja ka san kwalekwale ba shi da birki. In mai tuƙi ya doso gaɓa da gudu, juya filafili yake yi ya riƙa tura ruwa gaba har jirgin ya lafa. Haka kumbo yake yi: yana juyawa ya sa bakin injinsa ya fuskanci inda ya nufa, sannan ya kunna wuta. Feshin na tafiya gaba, shi kuma yana samun turi zuwa baya.

Ba tsayawa cak ake so ya yi ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗauki Juno, kumbon hukumar NASA ta Amurka, wanda ya bar Duniya a watan Agustan 2011 ya isa Mushtari, wato Jupita, a farkon Yulin 2016. Lokacin da ya fi kusa da ita, gudunsa ya haura kilomita 200,000 a awa. Ya kunna inji na minti 35, abin da ya rage bai kai kilomita 2,000 a awa ba. Kusan kashi 1 cikin 100 ke nan. Wannan ɗan ragin shi ne tsakanin wucewa da kamuwa, kuma shi ya sa Juno cikin falakinsa na farko, wanda ya riƙa zagayewa a kwana 53. Dalilin da ya sa ake jira sai kumbo ya zo daf da duniyar kafin a kunna inji shi ne, a wurin da gudu ya fi yawa ne kowane ɗigon mai ke yin aiki mafi tsoka. In aka yi birkin tun daga nesa, man da ake buƙata zai ninka, ga shi kuwa ba gidan mai a hanya. Al-Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ya shiga falakin Mars ran 9 ga Fabrairun 2021, ya kunna injuna shida na minti 27, ya ƙone kusan rabin man da ya ɗauko a wannan zama guda.

Batun faɗawa kuwa, ka gaya wa yaron cewa faɗawar yake yi, dare da rana. Mars na jan sa ƙasa ba hutu. Sai dai yana kuma gudu ta gefe, duniyar kuwa dunƙulalliya ce, to duk yadda ya gangaro, doron ƙasar ya riga ya lanƙwashe ya kauce masa. Faɗuwar da ba ta kaiwa ƙasa ita ce falaki. Da haka wata ke zagaya mu, da haka kuma NigeriaSat-1 ya fara zagaya Duniya lokacin da aka harba shi a 2003. Ba a buƙatar inji don a ci gaba da zagayen. In aka rage gudu fiye da kima, sai faɗuwar ta zama ta gaske.

Sai wa ke tuƙi. A wannan lokacin dai, ba kowa. Saƙon rediyo na tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma nisan ya yi yawa. Tsakaninmu da Mars saƙo na cin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda kowace take a kewayenta. Ranar da Al-Amal ya isa, minti 11 ne. Ka lissafa da ɗalibanka a allo: in inji ya samu matsala a minti na farko, sai bayan minti 11 masu kula da shi a Dubai za su sani, in sun ba da amsa nan take sai ta yi wasu 11 a hanya. Minti 22 sun tafi daga cikin 27. Na Juno ya fi haka ban mamaki. Saƙo daga Jupita na cin minti 48 a lokacin, birkin kuwa minti 35 ne. Kafin labarin cewa an kunna inji ya iso wurin masu kula da Juno a Kalifoniya, an riga an kashe shi, ko an dace ko an rasa. Waɗanda ka gani a bidiyo suna zare ido a gaban kwamfuta, labarin abin da ya riga ya wuce suke jira.

Saboda haka tun da sauran kwanaki ake loda wa kwamfutar kumbon umarni dalla-dalla: ƙarfe kaza ka juya, ƙarfe kaza ka buɗe mai, in na'urar auna gudu ta nuna an rage kaza ka kashe. Yana gane inda ya fuskanta ta hanyar ɗaukar hoton taurari ya gwada da taswirar da ke cikinsa. Daga nan ƙasa kuma ana bin sawunsa da manyan farantan eriya, irin na NASA da ke Goldstone a Amurka, da kusa da Madrid a Sifaniya, da kusa da Canberra a Ostareliya, an rarraba su ne don duk yadda Duniya ta juya a samu wanda ke kallonsa. Sau da yawa ma hanyar takan bi da kumbon ta bayan duniyar ana tsakiyar birki, sadarwa ta yanke ɗif, sai ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Akwai wanda bai ɓullo ba. Ran 23 ga Satumban 1999, Mars Climate Orbiter ya shiga bayan Mars, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da aka bincika, sai aka tarar kamfanin da ya ƙera shi yana ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin nauyi na fam, masu kula da hanyarsa kuma suna karanta alƙaluman a matsayin ma'aunin mita da kilo. Kuskuren ya yi ta taruwa wata da watanni, har kumbon ya gangaro zuwa kusan kilomita 57 daga doron Mars, cikin iskar da ba zai iya jure mata ba. In ɗalibi ya ƙara rubuta maka amsa ba tare da sa ma'auni ba, ga labarin da za ka ba shi.

Ni dai wanda na fi so a gaya wa yara shi ne Akatsuki na Japan. A Disamban 2010 ya isa Zuhura, wadda muke kira Zara matar wata. Ya kamata injinsa ya yi minti 12 yana ci, bai kai uku ba ya lalace, kumbon ya wuce. Injiniyoyin ba su yar da shi ba. Suka zubar da wani sashe na sinadarin da babban injin ke amfani da shi don nauyi ya ragu, suka bar shi yana zagaya rana shekara biyar, yana shan zafin da ba a ƙera shi dominsa ba. Da hanya ta sake haɗa shi da Zuhura ran 7 ga Disamban 2015, sai suka yi birkin da ƙananan injunan da aikinsu kawai gyara masa tsayuwa, na kusan minti 20. Ya kamu. Ba a cika samun wannan dama ta biyu ba.

Akwai dabarun rage shan mai. Mars Reconnaissance Orbiter ya shiga wani dogon falaki mai awa 35 a Maris na 2006, sannan ya yi wata shida yana tsoma kansa cikin saman iskar Mars sau ɗaruruwa, tana goge masa gudu kaɗan-kaɗan, har zagayensa ya dawo ƙasa da awa biyu. MESSENGER kuwa, da ya nufi Makyuri a 2004, sai da ya gifta Duniya sau ɗaya, Zuhura sau biyu, Makyurin kanta sau uku, yana barin gudu a kowace giftawa, kafin ya iya kamuwa a Maris na 2011.

To, me ya sa ake wannan wahala? Saboda wanda ya wuce kallo ɗaya yake samu. Mariner 4 ya gifta Mars a 1965 ya turo hotuna 22, galibi ramuka, har aka ɗauka matacciyar ƙasa ce kamar wata. A Nuwamban 1971 Mariner 9 ya zama kumbo na farko da ya shiga falakin wata duniya. Ya tarar guguwar ƙura ta rufe Mars ruf, ba a ganin komai sai 'yan ɗigo masu duhu. Da wucewa ya zo yi, da ya tafi hannu rabbana. Amma tunda yana zagaye, sai aka ce ya dakata. Ƙura ta lafa a farkon 1972, ɗigon nan suka zama ƙololuwar manyan duwatsu masu aman wuta, ciki har da Olympus Mons, aka ga wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 4,000, aka ga alamun hanyoyin da ruwa ya taɓa bi. Ya turo hotuna sama da 7,000.

A ganina ana fifita masu sauka fiye da kima, don su ne ke da hotuna masu daɗin kallo. Masu zagaye ne ke zaɓo musu wurin sauka, kuma ta hannunsu motocin da ke yawo a doron Mars ke turo mafi yawan bayanansu gida. Mars Odyssey ya shiga falaki a Oktoban 2001, ya shafe fiye da shekara 20 yana wannan aiki.

In wani ɗalibi ya tambaye ka ko an zagaya duka duniyoyin da ke kewaya rana, ka ce a'a. Yuranus da Naftun giftawa kawai Voyager 2 ya yi musu, a 1986 da 1989. New Horizons ma da ya kai Fuluto ran 14 ga Yulin 2015, bayan shekara tara da rabi a hanya, wucewa ya yi da gudun kusan kilomita 50,000 a awa, domin man da zai tsayar da shi ya fi ƙarfin abin da roka za ta iya ɗauka masa.