Tambaya da Amsa: Bandar nama a cikin damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Babbar Sallah yanzu a damina take zuwa. Bara na ɗora naman layya a banda a tsakar gida, hadari ya taso, wuta ta ƙi ci, naman ya yi ɗaci, wani ma ya yi fumfuna. Ko bana in shigar da murhun cikin ɗaki? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki kai garwashi ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani daga nan sai dai a ji salati. Rumfa mai rufin kwano, buɗe ta gefe, ita ce wurin aikin.

Ni a gidan fawa na tashi, kuma mahaifina ya fi tsoron iska a kan ruwa. Iska ce ke hura garwashi ya cinye nan da nan, ta kwashe zafin, ta watsa toka a jikin nama. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, to ki jingina tsohon kwano ta wannan ɓangaren, ki bar sauran a buɗe hayaƙi ya samu hanya.

Ɗacin kuwa daga jiƙaƙƙen itace yake. Hayaƙinsa fari ne mai kauri, yana sa ido hawaye, ya liƙe wa nama kamar kwalta. Ki tanadi busasshen icen kirya ko marke tun kafin Sallah, ki ɗaga shi daga ƙasa, ki rufe. Sai ya zama garwashi, hayaƙin ya yi siriri, sannan nama ya hau raga. Ban da kananzir, ban da leda wajen kunna wuta.

Ki yanyanka naman fale-fale, ki rage kitse, ki shafa gishiri. Yanka mai kauri bayansa ke bushewa cikinsa na ɗanye, a nan fumfuna ke farawa. Idan kin karya tsoka kika ga laima a tsakiya, mayar da ita wuta. Ki riƙa ɗumama shi kowace safiya, ki ajiye a kwando, wanda ya riga ya yi fumfuna kuma ki zubar.