Maigida ya ce mu tafi aikin mishan ƙasar waje, ni kuma gabana sai faɗuwa yake

TAMBAYA: Mama barka da aiki. Shekararmu shida da aure, yara biyu, yanzu maigida ya ce Ubangiji ya kira shi aikin bishara can wata ƙasa a Asiya har ya cike fom. Ni ban ƙi aikin Allah ba, amma duk wanda na tambaya sai ya ce min ki yi addu'a kawai. Dan Allah yaya zaman yake a can, yau da gobe nake nufi? Daga wata 'yarki.

AMSA: 'Yata sannu, addu'a kam dole ce, amma tambayar taki ba rashin bangaskiya ba ne, kar wani ya rufe miki baki da wannan.

Abin da mutane ba su sani ba, wa'azin shi ne ɗan kaɗan a cikin yinin ɗan mishan. Shekara biyun farko kusan duk a koyon yare take ƙarewa, ki tashi da safe ki tafi aji kamar 'yar firamare, ki je kasuwa ki kasa faɗin abin da yaro ɗan shekara uku ke faɗi, a yi miki dariya ki dawo gida da ciwon kai. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta wajen awa 2,200 na aji kafin mai jin Turanci ya iya Larabci ko Sinanci ko Japananci, su kuma ba goyo a bayansu fa. Sauran lokacin kuma layi ne a ofishin shige da fice, da rubuta wa masu tallafi rahoto.

To shi maigida yana fita, yana haɗuwa da mutane, bakinsa na buɗewa da wuri, ke ce za a bari a ɗaki da yara ba uwa ba ƙanwa ba maƙwabciyar da za ki ce riƙe min wannan in je in dawo, kuma nan ne yawancin mata ke karyewa ba wai a wurin tsanani ba. Kowa ya san William Carey, ɗan mishan daga Ingila da ya je Indiya a 1793, amma wa ke tuna matarsa Dorothy? Da fari ta ce ba za ta ba, aka lallashe ta ta bi shi. Kuɗinsu ya ƙare har sai da ya kama aikin kula da masana'antar shuni, a 1794 atuni ya kashe ɗansu Peter yana shekara biyar, daga nan hankalinta ya taɓu bai dawo ba har ta rasu a 1807. Shi kansa Carey sai a 1800 aka yi wa mutum na farko da ya karɓi bishara a aikinsa baftisma, shekara bakwai ke nan. Adoniram Judson ma, ɗan mishan daga Amurka, ya isa ƙasar Burma (Myanmar ta yau) a 1813, sai 1819 ya samu mutum ɗaya. Ina faɗa miki ne saboda masu aiko da kuɗi daga gida ba duka ne ke da irin wannan haƙurin ba, wata shida za su fara tambayar rayuka nawa aka samu.

Kuɗin ma ba albashi ba ne irin na gwamnati a ƙungiyoyi da yawa, alkawari ne na ikilisiyoyi da ɗaiɗaikun mutane, wannan ya manta, wancan an canja musu fasto, ga canji idan kuɗin ƙasarku ya faɗi abin da ke isowa hannunku ya ragu alhali mai gidan haya bai san wannan zancen ba.

Sai biza. Ƙasashe da dama ba sa ba da ita da sunan mishan, shi ya sa wasu ke shiga da sana'a, koyarwa ko jinya, kamar yadda Manzo Bulus ya riƙa ɗinkin tanti. A Nepal dokar da ta fara aiki a 2018 ta sa jawo mutum ya canja addini laifi ne da kan kai ɗaurin shekara biyar. Ki san da wace irin takarda za ku shiga, kuma me doka ta ce a can.

Ba cewa nake kar ki je ba, na ga waɗanda suka je suka dawo suna kewar wurin. Amma kafin ki ce to, ku zauna da ƙungiyar ke ma kina wurin, ba a ba ki labari ba. Su rubuta muku a takarda nawa ne duk wata kuma wa ke cikewa in ya gaza, wa ke biyan asibiti da tikitin dawowa in ciwo ya yi tsanani ko an yi rashi a gida, ina yaran za su yi makaranta kuma da wane yare, bayan shekara nawa ake hutu. Ki kuma ce ke ma a sa ki ajin yare daidai da shi. Sannan su haɗa ki da matar wani ɗan mishan da ta dawo daga ƙasar, ku yi hira ku biyu, ba mijinta ba naki a wurin.