Amsa: Me ya sa Falluja ta ba sojojin Amurka wahala a 2004?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Falluja, wani birni a ƙasar Iraƙi, ta gagari sojojin Amurka, alhali sun ci Bagadaza cikin makonni uku a 2003. Rikicin ya samo asali ne tun 28 ga Afrilu 2003, ranar da sojojin suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a bakin wata makaranta da suka mamaye, suka kashe mutum 17. A watan Mayu kuma Paul Bremer, jami'in da Amurka ta naɗa ya gudanar da mulkin Iraƙi a lokacin, ya rusa rundunar sojan Iraƙi, ya bar dubban ƙwararrun mayaƙa babu aiki, ga makami a hannu, ga fushi a zuci.

Yaƙin cikin gari kuwa yana rage amfanin jirgin sama da tankar yaƙi. Gidajen Falluja na bulo ne masu katanga da ƙyauren ƙarfe, mayaƙa suka huda bango daga gida zuwa gida domin su riƙa wucewa ba a hango su daga sama ba, suka ɗana bama-bamai a ƙofofi da motoci, har sojan da ya ɓalle ƙyaure bai san abin da zai tarar a ɗakin ba.

An dakatar da farmakin farko da sojojin Amurka suka kai wa garin a Afrilu 2004, wanda ya biyo bayan kisan ma'aikata huɗu na Blackwater, wani kamfanin tsaro mai zaman kansa na Amurka, saboda yawan fararen hular da suka mutu. Na Nuwamba ya ɗauki fiye da wata guda, kuma a ganina cin garin bai karya tawayen ba, domin jagorori da dama sun sulale tun kafin a kewaye shi, faɗa kuma ya ɓarke a Mosul a wannan watan.