Batirin da ke kwana lafiya ya wayi gari a mace

Ka tambaye ni kan motar nan da aka sa mata sabon batir, ba a jima ba ta koma ƙin tashi da safe, kana so ka ji ko altaneta, wadda ke caja batir in injin na aiki, za mu kwance. Ajiye sifana tukuna, ɗana, ɗauko mitar auna wuta.

Batirin da ya wayi gari babu wuta, ko dai ba ya riƙe caji, ko ba a cika shi, ko kuma wani abu ne ke shanye shi bayan an kashe mota. Mai mota batir zai zarga, don shi ya ga ya mutu. Aikinmu shi ne gano wanda ya kashe shi.

Fara auna shi bayan motar ta jima a kashe. Cikakken batir zai ba ka bolt 12.6, domin gida shida ne a cikinsa, kowanne na ba da kusan 2.1. In ka ga 12.2, wajen rabi ya tafi. Sa a yi kik idonka na kan mita. In ya faɗi ƙasa da 9.6, a caja shi a sake gwadawa kafin a ce ya mutu. Ka kuma kama kawunansa ka murɗa da hannu. In suna motsi, ko farin garin nan ya taru a kansu, wanke ka ɗaure tamau kafin komai.

Yanzu tayar da injin. Mita ta hau tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna manyan fitilu da fankar sanyi, ka ga ko za ta tsaya ko za ta zube zuwa 12. In ta zube, kada ka yi saurin yanke wa altaneta hukunci. Danna fambel da babban yatsa, dubi cikinsa ko ya yi sheƙi, saurara ko yana ƙara in an taka totur. Sannan auna a bayan altaneta, inda babbar waya ta fito. In can akwai 14 amma a kan batir 13 kake gani, altaneta na aikinta, wutar a hanya take ɓacewa, ko a babbar wayar ko a wadda ta ɗaure injin da jikin mota. In kuwa mita ta haura 15, regileta, mai daidaita ƙarfin cajin, ce ta lalace, tana dafa batirin, har za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu ce ke rage caji da kanta in batir ya cika, saboda haka 13 a wurinsu ba lallai cuta ba ce. Ɗora musu lodi ka ga ko za ta hau.

Abu ɗaya nake roƙonka. Za ka ga masu cire kan batir injin na aiki, wai in motar ba ta mutu ba altaneta lafiya take. Kada hannunka ya saba da wannan. Batir ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi tsallen nan kan kwamfutar mota zai sauka. Mutum ya kawo maka amanar motarsa da ƙaramar matsala, ka mayar masa da babba.

To, in caji lafiya, batir lafiya, saura mai sha da dare, kuma a motar nan shi nake zargi. Kashe komai, cire makulli, rufe ƙofofi. Mayar da jar wayar mita ramin amfiya 10, cire kan nagatib, ka sa mitar tsakanin kan batir da wayar da ka cire, yadda duk wutar da ke fita sai ta ratsa ta. Kada kowa ya yi kik a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone nan take. Daga nan sai haƙuri. Motocin yanzu ba sa barci da zarar an kashe su, wasu sai sun yi rabin awa ko fiye. Yara da yawa a nan suke ruɗewa, su ga lamba babba a minti na farko su hau kwance wayoyi. Jira ta sauka ta tsaya. In ta tsaya ƙasa da amfiya 0.05, wannan abincin agogo da ƙwaƙwalwar rediyo ne, babu laifi. In ta maƙale a 0.4, yi lissafi da kanka: a awa 24 ta kusa cinye amfiya-awa 10, batir mai amfiya-awa 60 kuwa kwanaki kaɗan zai kasa juya injin.

Sai ka bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, kana zarewa kana duban mita. Wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ne. Ni na fi fara zargin abin da aka ƙara wa mota daga baya: rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir, amfilifaya, na'urar bin sawun mota. Bayansu ƙwan cikin but da ba ya mutuwa in an rufe, ko rile, ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, da ya maƙale, wanda in ka taɓa shi za ka ji ɗumi alhali motar ta daɗe a kashe.

In ka gama da fiyus duka lambar ba ta motsa ba, nan ne za mu dawo kan altanetar da ka tambaya. A cikinta akwai dayod, aikinsu barin wuta ta fita zuwa batir, su hana ta komowa. In ɗaya ya fashe, da rana altaneta na caji kamar lafiya lau, da dare kuma wutar batir ta bi ta cikinsa ta koma baya. Raba mitar da batir, kwance babbar wayar bayan altaneta ka naɗe bakinta da tef kada ta taɓa ƙarfe, ka mayar da mitar ka jira motar ta sake barci. In lambar ta faɗi, kira ni, sai mu sauke ta in nuna maka yadda ake gwada dayod ɗin a kan benci.