Filin ƙwallon ƙauye yana da masu shi, ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ce sai na natsu zan amsa, don ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce kana son ka taka keke daga Kano zuwa Damagaram bayan girbi, ka riƙa ratsewa ƙauyuka kana ɗaukar hotunan filayen ƙwallonsu, ka raba wa yara 'yan ƙwallaye, kuma kana tambaya ko za ka iya kafa tanti ka kwana a filin tunda "ba na kowa ba ne". Wannan "ba na kowa ba ne" ɗin ita ta hana ni barci. Da ita na bar gida a Janairun 2022, kuma saura ƙiris ta mayar da 'ya'yana marayu.

Ba zan hana ka tafiya ba, don na san ciwon da ke damunka, ni ma ban warke ba. Da zarar ka sauka daga kwalta bayan Ɗambatta ko Kazaure ka bi burji, za ka fara ganinsu a bayan gari, galibi kusa da firamare. Turaku biyu na darbejiya, an ɗaura igiya ko gora a sama, goran ya lanƙwashe a tsakiya kamar bayan tsohon jaki. Na ga inda tsohon gidan sauro ne raga. Na ga inda aka ja layi da toka, wani wurin kuma da dunduniya kawai. Mafi yawansu gonaki ne da damina, shi ya sa za ka ga kunyoyin suna nan, ƙwallo tana tsalle-tsalle a kansu yadda ta ga dama, ga kututturen gero da yake yanka ƙafa, yara kuma ba takalmi. Akwai wani fili da gawo ya tsaya a tsakiyarsa cak, ba wanda ya yi tunanin sare shi. Yaran sun mai da shi ɗan wasa: mutum ya buga masa, ta dawo, ya wuce abokin karawarsa. Na zauna a kan kariyar kekena ina kallonsu har rana ta faɗi, ban san lokaci ya tafi ba.

To ni sai na ɗauko wata ɗabi'a ta banza. Duk filin da na tarar sai na auna shi da taku, tsawo da faɗi, na rubuta a ɗan littafi. Wai ina son in kwatanta da filin ƙa'ida mai mita 105 da 68, da raga mai faɗin mita 7.32. Wa ya aike ni? Babu.

Kwana na biyu ne, tsakanin Kazaure da Daura, a wani gari da ba zan faɗi sunansa a nan ba. Na iso dab da magariba, hunturu ya busar min da leɓe, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na ga fili shimfiɗaɗɗe ba kowa, na ce alhamdulillahi ga masauki. Ban shiga gari ba, ban yi wa kowa sallama ba. Na jingine keke a turken raga, na yi takuna na rubuta, na ɗauki hoto ta kusurwa huɗu, na buɗe taswira a waya ina duba hanyar gobe, sannan na kafa tanti. Yanzu ka dube ni da idon ɗan garin: baƙo da hular kwano, da matsattsen wando, da fitila a goshi, yana auna ƙasa yana rubutu. Ni kaɗai ne ban ga abin da kowa ya gani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ashe filin rigima ake a kansa. Gado ne, wani daga cikin magadan yana son a yanka shi fulotai a sayar, samarin gari sun ce sai dai bayan ransu. Ina cikin jiƙa garin kwaki sai na ga tociloli sun nufo ni ta ko'ina. Samarin da farko sun ɗauka safiyo ne ni, magajin nan mai son sayarwa ya kawo ni a ɓoye. Da a nan aka tsaya da sauƙi, don samarin suna tambaya suna sauraro. Sai shi mutumin ya iso a kan babur, ya ji ana cewa shi ya kawo ni, kawai don ya wanke kansa sai ya ɗaga murya ya ce bai taɓa ganina ba, wannan ai infoma ne, 'yan bindiga ne suka aiko shi ya zana musu hanyar shiga gari. Kun san nauyin wannan kalma a ƙasar Katsina a shekarun nan, ba sai na yi bayani ba. Wallahi ina jin ya faɗe ta, yawun bakina ya ƙafe.

Mutumin nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Na yafe wa samarin tun a daren, tsoro ne ya sa su, kuma suna da dalilin tsoro. Amma shi ya san ƙarya yake yi. Ya fizge littafina yana nuna wa mutane lambobin takuna, wai ga lissafin gidaje. Ya sa na zauna a ƙasa dirshan, ya ce in cire hular kwanon, ya ce in cire takalmi, a cikin sanyin nan. Ni da na aurar da 'ya, ga yara sa'o'in jikokina a tsaye suna kallo. Ya zazzage jakunkunana a kan ƙasa, maganin hawan jinina ya watse cikin rairayi, ina kallo yana taka shi. Sai ya kai kan ƙwallayen. Guda huɗu na sayo da kuɗin aljihuna a Kano, na sace musu iska don su shiga jaka. Ya ɗaga ɗaya ya ce me ya sa ba iska, me aka ɓoye a ciki? Ya zaro wuƙa ya farke ta. Bai ga komai ba. Ya farke ta biyu. Ya farke ta uku. A nan ne na ji wani yaro a bayana ya ce "wayyo", a hankali, kamar shi aka soka. Har yau in na tuna daren, ba wuƙar nake fara ji ba, wannan "wayyo" ɗin nake ji. Kuma ko da gari ya waye gaskiya ta fito, mutumin nan bai ce min yi haƙuri ba. Ya wuce ni a kan babur ɗinsa yana gyara hula, ko kallo ban ishe shi ba. Wani lokaci ina cikin sallah sai fuskarsa ta faɗo min, sai na yi a'uziyya.

Wanda Allah ya kuɓutar da ni ta hannunsa wani malamin firamare ne da ya yi karatu a Kano. Ya karɓi wayata ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba komai sai turaku da yara da ƙwallon leda, ya tambaye ni unguwarmu na faɗa, ya tambaye ni abubuwan da sai ɗan unguwar zai sani na amsa, har muka gangaro kan Pillars da shekarun da suka ɗauki kofi uku a jere, 2012 zuwa 2014. Shi ya ce a kai ni wurin mai gari. Dattijon ya saurari kowa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, garin ba shi da ƙofa ne?" Ban sami amsa ba. A zaurensa na kwana, aka kawo min tuwo da miyar kuka da bargo. Ƙwallo ta huɗu da ta tsira, a gabansa na miƙa wa kyaftin ɗin samarin da safe.

Don haka ƙanena, kar ka kwana a fili. Ka isa gari da sauran rana, tun la'asar, ka sauka daga keken ka tura shi da hannu, ka cire hular kwano da baƙin gilashi, ka tambayi gidan mai gari ko mai unguwa. Ka sa dogon wando a kan wancan matsattsen, don Allah, mu kanmu a nan Kano kallonmu ake da shi balle can. Ka yi sallar magariba a masallacinsu. Da ɗan gari akan ci gari. Shi zai haɗa ka da yaron da zai kai ka filin, kuma hoton da za ka samu ya fi wanda za ka sata, don har layi za su ja maka. Tantin ma ni da za ka ji tawa da ka bar shi a gida, nauyin banza ne. Tun daga wannan dare ban sake buɗe nawa ba har na dawo.

Ƙwallo kuma kar ka miƙa wa yaro a hannu, faɗa za ka haddasa, babba ya ƙwace. A gaban manya ake bayarwa. Ka haɗa da allurar famfo, don na ga garin da suke da ƙwallo mai kyau a rataye wata da watanni saboda ba abin hura ta. Kuma kar ka sayi mai tsada, ƙaya ba ta san tsada ba. Tsidau da ƙarangiya su ne sarakunan filayen nan, kuma abin da suke yi wa ƙwallo shi za su yi wa tayarka in ka shiga da keke cikin fili. Rana ɗaya na yi faci biyar. Ka riƙe sholisho biyu, ɗaya yana bushewa, da tib biyu na ajiya. Tib ɗin da ya mutu kar ka yar, yaran suna yanka shi siri-siri su ɗaure ƙwallon leda da shi, har godiya za su yi maka kamar ka ba su kuɗi.

Af, na tuna. A tafiyar nan na kalli wasan da Tunisiya ta fitar da mu daga gasar kofin Afirka, wanda aka buga a Garwa ta Kamaru, ci ɗaya da nema, ranar 23 ga Janairu, a wani gidan kallo na zana da janareta. Da aka ba Iwobi jan kati wani tsoho ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce shi ya tafi ya kwanta, gara ya je ya ji da jakinsa. Na yi dariya har da hawaye, ita ce dariyata ta farko tun daren wuƙa. Wannan ba ya cikin tambayarka, amma in ka ga gidan kallo ka shiga, a nan za ka san su waye masu filin.

Bayan Daura ka bi ta Kongolam ka shiga Ɗan Barto, sai Matamaye, Kance, Takeita, ka ɗauki babbar hanya zuwa Damagaram. Duka-duka daga Kano kusan kilomita 240 ne in ka bi kwalta, amma da ratse-ratsen da kake so ka ba kanka mako guda. Ni na wuce kafin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya, da ficewar Nijar daga ECOWAS, don haka maganar takardu kar ka dogara da labarina, ka tambayi direbobin da suke bin hanyar a satin da za ka tashi. Haka maganar tsaro, kowane gari ka tambayi na gaba, in sun ce kar ka bi, kar ka bi. Kuma kar ka ɗaga waya kusa da shingen jandarma ko na duwan, wato kwastan, ko da filin ƙwallon yana bayansu yana maka murmushi.

Can ɗin za ka ji suna cewa balo, kuma za ka lura kokawa ta fi ƙwallo daraja. Fili ɗaya ne, da yamma yara su buga balo, ranar da ake kokawa a zagaye shi da mutane da ganguna, turakun raga su zama wurin ɗaure dawaki da rataye riguna. Gawo kuwa a ƙasar Matamaye ba a magana, da rani yake ganye, shi ya sa inuwarsa take daɗi a daidai lokacin da za ka je. Samarin fada, wato majalisar hirar samari, za su kira ka shayi, ka zauna ka sha har na uku, kar ka ce kana sauri. Ruwa ka cika a duk famfon da ka gani ko da jarkarka ba ta yi rabi ba. Ka riƙe man kaɗanya don leɓe da dunduniya. Ka canji sefa tun a bakin iyaka, 'yan ƙanana, don mai fura ba ta da canjin jaka goma, wato sefa dubu goma.

Maganin hawan jini ko wani magani in kana sha, ka raba shi gida biyu, kar ka haɗa a jaka ɗaya. Kwana uku na yi ba magani saboda mutumin nan, kaina kamar zai tsage, sai a Daura na samu na saya. Ka ga na sake dawowa kansa. Ku yi haƙuri 'yan uwa, abin ne bai fita ba.

Ranar Lahadi in mun haɗu wurin fita da keke ka tuna min, zan kawo maka jakunkunan kariyata ka ara, ɗaya tana da ɗinki a gefe amma tana riƙe kaya. Zan kuma faɗa maka sunan garin a kunne. Ba don ka je ka yi wa kowa magana ba. Malamin nan nake son ka kai wa ƙwallo uku, ni zan saya, kuma ka leƙa bayan firamaren ka gano min ko turakun darbejiyar suna nan ko an kafa bulo a wurin.