Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Mace Bayan Shekara 50

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan dukkansu a kan iyaye mata ne, wasu da kansu suka aiko, wata kuma ɗa ne ya rubuto a madadin mahaifiyarsa. Na zaɓi biyar, na cire sunaye kamar yadda aka saba. Kowace daga cikinsu an riga an ba ta amsa a gida, an ce mata tsufa ne, ta yi haƙuri, alhali kuwa da yawa daga abin da ake jingina wa tsufa ciwo ne sananne, kuma yana da magani.

Tambaya: Likita, shekaruna 49. Kusan shekara guda ke nan al'adata tana zuwa wata ɗaya ta tsallake biyu. Da dare sai in ji zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf da gumi ko da hunturu ne, ga saurin fushi. Wata ta ce mini iska ce. Daga Rafindadi, Katsina.

Amsa: Hajiya, wannan ba iska ba ce, alamun ɗaukewar al'ada ne, wadda take zuwa wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55. Jakunkunan ƙwai da ke gefen mahaifa suna rage samar da sinadarin istirojin, raguwarsa kuma tana rikita sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, shi ya sa jiki yake fitar da gumi ba tare da wani dalili a waje ba. Abin yakan ɗauki 'yan shekaru sannan ya lafa. Ki riƙa kwanciya da tufafin auduga marasa nauyi, ki rage yaji da shayi mai kauri da goro daga la'asar zuwa dare. Idan har yana hana ki barci da ayyukanki, akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin, amma likitan mata ne yake rubuta shi bayan bincike, domin bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki ba.

Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an cika wata 12 cur ba a ga jini ba, saboda haka kafin nan ciki yana iya shiga. Bayan an cika wata 12 ɗin kuwa, duk jinin da ya fito, ko ɗigo ne, ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa dalilinsa mai sauƙi ne, amma yana iya zama farkon sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda idan aka gano ta da wuri ake iya warkar da ita. Kada kunya ta sa a zauna da shi. A je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa. Daga yanzu kuma ki kula da ƙashinki, domin a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada ne yake saurin yin rauni. Kindirmo da miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna ɗauke da kalsiyam, hasken hantsi kuma yana taimaka wa jiki ya amfana da shi.

Tambaya: Gwiwoyina suna ciwo har ba na iya sujada. Ina shan haɗin da ake ƙulla mini a kemis, yana kuma yi mini aiki, sai dai fuskata ta ciko. Shekaruna 63. Daga Daura.

Amsa: Inna, cikowar fuskar nan ta fi damuna a kan ciwon gwiwar. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi daikulofenak ko ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda da hauhawar jini, a kuma haɗa da dekisametazon, wanda shi ne yake ciko da kumatu, ya ɗaga sukari, ya cinye ƙarfin ƙashi. Idan kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi dare ɗaya, domin jiki ya saba da shi kuma yankewar tana da haɗari. Ki ɗauki ƙullin ki kai wa likita ya ga abin da ke ciki, ya auna miki jini da sukari da ƙoda, sannan ya janye miki shi sannu a hankali.

Shi ciwon kansa, mafi yawanci guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya siɗe, kuma babu ƙwayar da take mayar da shi. Abin da yake rage zafin shi ne ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba idan akwai. Ki zauna a kujera, ki miƙe ƙafa ɗaya, ki riƙe ta har ki ƙirga 10, ki sauke, ki maimaita sau 10 a kowace ƙafa, safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa a kwana 5, ana kuma iya rarraba ta ko a tsakar gida. Farasitamol da man shafawa na ciwon gaɓɓai sun fi aminci a irin shekarunki. Game da salla, an riga an yi mana sauƙi, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. A gyara miki banɗaki ya zama na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa fitila a hanya, saboda karayar ƙugu a wurin tsohuwa tana yawan farowa ne daga santsin makewayi. Sanda kuma ba abin kunya ba ce.

Tambaya: Na haifi 'ya'ya 10. Yanzu idan na yi tari ko dariya sai fitsari ya zubo, har na daina zuwa biki da makaranta. Daga Mashi.

Amsa: Wannan daban yake da yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda, wanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Naki, Hajiya, naman da ke tallafe da mafitsara ne ya saki saboda yawan haihuwa. Ki riƙa matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga 5 ki saki, sau 10 a jere, sau 3 a yini, ki kuma ba shi wata 3 kafin ki yanke hukunci. Kada ki rage shan ruwa, musamman da bazara. Idan kina jin wani abu yana saukowa ta gaba, mahaifa ce ta zazzago, ana kuma gyara ta da zoben roba ko da tiyata. Ki koma makarantarki da ƙunzugu mai tsabta, malamai kuma suna da bayani a kan alwalar mai irin wannan lalura.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 68. Bayan ta fita takabar mahaifinmu sai muka ɗauko ta daga cikin gari muka kawo ta sabon gidana a bayan gari, muka hana ta sayar da fura da kiwon awaki domin ta huta, muka ɗaukar mata 'yar aiki. Yanzu ba ta magana, ba ta cin abinci sosai, ta rame, ta kuma fara mantuwa. Ko ruɗewar tsufa ce? Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan niyyarka, amma zan faɗa maka gaskiya: a cikin 'yan watanni mahaifiyarka ta rasa mijinta da ɗakinta da maƙwabtanta da sana'arta, uku daga cikin huɗun nan kuwa ku ne kuka raba ta da su. Furar da take damawa ba don kuɗin kawai take yi ba. Ita ce take tashinta da asuba, ita ce take kawo mata yaran unguwa da labarin gari, da ita take zubin adashi, take yin gudunmawar biki da zumunci daga aljihunta ba tare da ta tambayi kowa ba. Macen da ta shekara 40 tana bayarwa, idan aka mayar da ita mai jiran a ba ta, za ta ji ciwon abin ko da katifar da aka shimfiɗa mata ta fi ta kowa laushi.

Alamun da ka lissafa sun fi kama da ciwon damuwa, wanda a wurin tsofaffi ba lalle ya zo da kuka ba. Yakan zo da shiru da rashin ci da rashin barci da ciwon jiki da mantuwa. Mai damuwa takan san tana mantuwa, abin kuma ya dame ta, sannan yakan faro ne a ɗan lokaci bayan wani rashi. Ruɗewar ƙwaƙwalwa kuwa a hankali take shigowa cikin shekaru, har mutum ya ɓata a hanyar da ya sani ko ya kasa lissafin canjin da ya saba yi. Ba zan iya rarrabewa daga wasiƙa ba, don haka ka kai ta asibiti, a auna jininta da sukarinta da aikin maƙoƙonta, a duba idonta da kunnenta, domin yanar ido da raunin ji suna sa tsohuwa ta janye daga mutane a ɗauka hankalinta ne ya taɓu. Ramar ma tana buƙatar nata binciken. Damuwa tana jin magani, idan kuma ta fara cewa gara ta bi mijinta, kada a kwana ba a kai ta ba.

Sauran maganin yana hannunku. Ka zauna ka tambaye ta inda take son zama, ka kuma saurari amsar ko da ba ta yi maka daɗi ba. Idan ba za ta koma cikin gari ba, to a riƙa kai ta wurin ƙawayenta a ranaku sanannu, a sayo mata tunkiya ko akuya biyu, a bar ta ta dama furarta ko da ta gida ce, 'yar aikin ta ɗauke mata daka da ɗaukar ruwa kawai. A shigar da ita Islamiyyar matan aure, inda za ta tarar da sa'o'inta. Ana samun mata masu jikoki da suke sauke Alƙur'ani a irin waɗannan makarantu. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta naɗa a matsayin jaji, wato shugabar ayari, domin su jagoranci 'yan taru, mata masu neman ilimi, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar, saboda su ne suka gama renon 'ya'ya, suke da sararin tafiya da kwarjinin da za a saurare su. Ni a ganina, tsohuwar da ake neman shawararta a kan aure da rabon abinci da sulhun 'yan'uwa ta fi saurin murmurewa a kan wadda ake gaishe ta da safe a ja mata ƙofa.

Tambaya: An ɗora ni a kan maganin hawan jini, yanzu kuma na ji sauƙi, kaina ya daina ciwo. Zan iya ajiye shi in koma shan zoɓo da tafarnuwa? Shekaruna 57. Daga Batagarawa.

Amsa: A'a, Hajiya. Jinin ya sauka ne saboda maganin, kuma idan kika ajiye shi zai koma inda yake ba tare da kin ji komai ba, domin hawan jini yakan yi ɓarnarsa a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda babu ciwon kai. Ma'auni ne kaɗai yake faɗin gaskiya, ana kuma so ya tsaya ƙasa da 140 bisa 90. Zoɓon da ba a cika masa sukari ba yana ɗan taimakawa, amma ba ya zama a madadin ƙwaya. Gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi, a ciki kuwa har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa. Idan kuɗin maganin ne ya yi miki nauyi, ko kuma yana sa ki tari ko kumburin ƙafa, ki gaya wa likitanki, akwai wasu da za a canza miki. Kafin azumi kuma ki je a gyara miki lokutan sha zuwa sahur ko buɗa-baki, ki riƙa rubuta awon da aka yi miki a ɗan littafi kina zuwa da shi asibiti.