Tambaya da Amsa: Haɗa Sikirin Mai Siririn Fileks da Allon Gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Na sayi sikirin mai inci 4.3 domin aikin kammala karatuna, amma fileks ne da shi, wato siririyar shimfiɗaɗɗiyar waya mai lanƙwasuwa, mai ƙafafu 40 da suka matsu da juna har ido ba ya iya rabe su. Ina so in haɗa shi da Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori, a kan allon gwaji, wato allo mai ramuka da ake soka kayan lantarki ba tare da dalma ba. Shin zan iya liƙa wayoyi da dalma kai tsaye a jikin fileks ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ita ce kada ka kusanci fileks ɗin da ƙarfen dalma. A yawancin irin wannan sikirin, tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 0.5 ce, alhali ramukan allon gwaji milimita 2.54 ne tsakaninsu, kuma jan ƙarfen da aka shimfiɗa a kan fileks bai da kauri, da zarar ya sha zafi sai ya ɗago, sikirin ya tashi aiki ke nan.

Abin da kake bukata shi ne ƙaramin allon sauyi, wanda ke da soket na fileks a gefe ɗaya da ƙafafu masu tazarar 2.54 a ɗaya gefen. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗora rula a kan fileks ɗinka: idan daga tsakiyar ƙafa ta farko zuwa tsakiyar ta 40 ka sami milimita 19.5, to tazarar 0.5 ce. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ɓangaren da soket yake taɓawa, domin wani ta sama yake kama fileks, wani ta ƙasa. Idan suka saɓa, mutum yakan kifa fileks ɗin don ya samu haɗuwa, sai ƙafa ta 1 ta koma gurbin ta 40 bai sani ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, saboda fitilar bayan irin wannan sikirin takan bukaci kusan bolt 20, sauran ƙafafun kuwa bolt 3.3 suke ɗauka. Saboda haka ka bi kowace ƙafa da mitar awon lantarki, kana duba takardar bayanin masana'anta, kafin ka ba shi wuta.

Wajen sakawa, ka kashe wuta, ka ɗaga marfin soket ɗin a hankali da farce, ka zura fileks a miƙe har ya tsaya, sannan ka rufe. Marfin nan da wuya ya gyaru idan ya karye. A lokacin hunturu kuma, da iskar Kaduna ke bushewa, ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki sikirin, domin wutar da ke taruwa a jiki tana iya lalata shi. Idan allon ya zo ba a liƙa soket ba, gara ka kai wa mai gyaran waya da ke da madubin ƙara girma, tunda wannan aikinsu ne na kullum.

Sai dai akwai matsalar da ba ka tambaya ba. Hoto ɗaya mai ɗigo 480 sau 272 yana cin kimanin kilobayit 255 idan launinsa bit 16 ne, ga shi kuwa kilobayit 2 kacal Uno ke da shi na ma'adanar aiki (RAM), kuma da bolt 5 yake aiki, ba 3.3 na sikirin ba. Ko dai ka koma ESP32-S3, wani allon da ya fi Uno ƙarfi, wanda ke iya tuƙa irin wannan sikirin muddin wayoyinka gajeru ne, ko ka nemi sikirin mai guntun sarrafa hoto na ILI9341, mai ɗigo 240 sau 320, da ke zuwa a kan allonsa da ƙafafun da suke shiga allon gwaji kai tsaye.